Kwamfutar jikin mota: yadda za ka tabbatar ta lalace, da yadda ake sauya ta

Mota ta kwana lafiya, da safe a tarar fitilun baya suna ci alhali makulli yana aljihun mai ita. Wata kuma goge-gilashinta ne zai tashi da kansa da tsakar rana a watan Afrilu, babu ko gizagizai a sararin Damagaram. Wata ana tafe a hanyar Mirriya sai ƙofofi su riƙa kulle kansu suna buɗewa. Da an shiga garaji da irin wannan ƙorafi, kalmar da ake fara ji ita ce kwamfuta ta ƙone. Wani lokaci gaskiya ne. Amma sau da yawa kwamfutar lafiyarta ƙalau, laifin na batir ne, ko na wayar mas, wadda ke haɗe da ƙarfen jikin mota, da ta yi tsatsa, ko na wata waya da ta karye cikin robar ƙofa. Wanda ya sayi wata kwamfutar bai bincika ba ya yi hasarar kuɗi, in kuma abin da ya kashe ta farko yana nan, zai kashe ta biyu ma.

Wace kwamfuta ake nufi

Ba kwamfutar inji ba ce. Wadda ake nufi aikinta kula da wutar jikin mota: fitilun gaba da na baya, sigina, fitilar ciki, goge-gilashi, ham, kulle ƙofofi, gilasan ƙofa, ƙararrawar ɓarayi, a wasu motocin har da tantance makulli kafin inji ya tashi. A takardun gyara ana rubuta ta BCM, amma kowane kamfani da sunan da ya ba ta. Peugeot da Citroën suna ce mata BSI. Renault UCH. Mercedes SAM, kuma takan zama biyu, ta gaba da ta baya. Honda MICU. A Volkswagen ita ce J519, wadda na'urar bincike ke samu a adireshi na 09. A Toyota tana manne da akwatin fizibil na ƙarƙashin tablo, ɓangaren direba. A yawancin motoci masu sitiyari a hagu, irin waɗanda muke hawa a Nijar, nan ne wurin da za ka fara leƙawa, daidai saman ƙafar direba ta hagu.

Ka riƙe yadda take aiki a ranka, domin duk binciken a kansa ya ginu. A tsohuwar mota, in ka murɗa makunnin fitila, wutar ta cikin makunnin take bi ta isa ƙwan fitila. A motar zamani makunnin saƙo kawai yake aika wa kwamfuta, ita ce ke sakin wutar, ko ta rele, wato makunnin da wuta ke dannawa, ko ta wani ɗan taransisto da ke kan allonta. Ke nan abu huɗu ne za su iya sa fitila ta ƙi kamawa: kwamfutar ba ta samun abincinta, wato wuta da mas, ko saƙon bai iso ta ba, ko ya iso ta saki wuta amma hanyar fita ta yanke, ko kuma ita kanta ce ta gaza. Sai ka kawar da ukun farko kafin ka ɗora wa na huɗu laifi.

Fara da bakin mai mota

Kafin ka taɓa sifana, ka zauna da mai motar ka tambaye shi abin da ya faru kafin ciwon ya soma. An wanke motar da injin feshi? Ta tsaya cikin ruwan sama na Agusta, ko ta ratsa kwazazzabo ruwa ya shigo ƙarƙashin kafet? An sauya gilashin gaba kwanan nan? An ba ta wuta daga wata mota, musamman babbar mota mai volt 24? An yi walda a jikinta batir yana haɗe? An ƙara mata rediyo, fitilun LED, ham mai ƙarfi, ko na'urar bin sawu? Amsar ɗaya daga cikin waɗannan takan rage maka rabin aiki.

Akwai wata al'ada da ya kamata a bari: cire kan batir inji yana aiki don a ga ko altanata tana caji. A motocin da, ana yi a kwana lafiya. A mota mai kwamfuta, batir ne ke shanye tsallen da wuta ke yi, da ka cire shi wutar altanata na iya haurawa nesa da abin da allon kwamfuta zai jure, ko da na ƙiftawar ido ne. In mai mota ya ce an yi mata haka, ka ƙara zargin kwamfutar.

Sannan ka rubuta duk abin da ba ya aiki da duk abin da ke aiki. Abu guda ne ya tsaya, misali gilashin ƙofa ɗaya? Da wuya kwamfuta ce. Abubuwa da yawa ne da ba su haɗa fizibil ɗaya ba suka rikice lokaci guda? Nan zargi ya fara ƙarfi, amma batir da mas ma haka suke yi.

Batir da caji

Zafin Damagaram, inda ake haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, yana cin batir da wuri, kuma batir mai rauni shi ne babban mai yi wa kwamfuta ƙage. Ka bar motar a kashe na awa guda ko fiye, sannan ka auna da mita. Cikakken batir yana nuna volt 12.6. In 12.2 ne, ya yi rabi. Ƙasa da 12, kada ka ci gaba da wani bincike sai ka caja shi ko ka sa wani mai kyau. Ka bar mitar a kai a tada inji: lokacin da sitata ke juyawa bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. In inji ya tashi, caji ya zauna tsakanin 13.5 da 14.7. Wanda ya haura 15 yana dafa batir da kwamfutoci gaba ɗaya. Ka kuma juya mitar zuwa AC ka sake aunawa inji yana aiki. In ka ga rabin volt ko fiye, diyod na altanata ya mutu, kuma wutar da take bayarwa mai datti ce, tana iya rikita duk wani saƙo da ke yawo cikin motar.

Masu Peugeot sukan firgita in allo ya rubuta cewa motar ta shiga yanayin tattalin wuta, rediyo da fitilar ciki suka ɗauke. Wannan ba lalacewa ba ne. BSI ce ke kare batir bayan an daɗe ana jan wuta inji a kashe, kuma da an tada inji ya yi aiki na ɗan lokaci komai zai dawo. In yana fitowa da wuri fiye da yadda aka saba, batir za ka duba.

Fizibil, wuta da mas

Kada ka duba fizibil da ido. Ka buɗe kontak, ka taɓa ƴan ƙarafan nan biyu da ke bayan kowane fizibil da mita, ka ga wuta tana kowane gefe. Ka duba na cikin mota da na ƙarƙashin murfin inji, har da manyan nan da ake ɗaurewa da noti, domin daga can wutar kwamfutar ke tasowa. Duk inda ka ga an naɗa zaren waya a madadin fizibil, ko an sa mai lamba 30 a gurbin mai lamba 10, ka tsaya a wurin. Wani abu ne yake ƙona fizibil ɗin, aka rufe masa baki maimakon a nemo shi, kuma yanzu hanyar tagulla da ke kan allon kwamfuta ce ta zama fizibil.

Nan ne aikin yake buƙatar zanen wayoyin motar, na ainihin samfurinta da shekararta. Da shi za ka san, cikin ƴan ƙarafan da wayoyi ke haɗuwa da kwamfutar, ƙafar da ke kawo wutar dindindin, da mai kawo wutar kontak, da na mas. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zare fish, wato kan wayoyin da ake cusawa cikin kwamfutar, a auna, a ga volt 12, a ce wuta tana zuwa. Waya da ta rage da zare ɗaya tak za ta nuna 12 in babu abin da ke ja. Don haka awo na gaskiya shi ne wanda ake yi fish yana haɗe, abubuwa suna aiki. Ka sa siririn tsinken ƙarfe ta bayan fish, ba tare da ka huda rigar waya ba, ka kunna fitilu da goge-gilashi. Ƙafar mita ɗaya a kan wayar mas ta kwamfuta, ɗayar a kan ƙafar batir mai alamar ragi. Abin da ya kamata ka gani bai wuce 0.1 ba. In ya kai 0.3 ko ya haura, mas ɗin ba shi da kyau. Haka za ka yi wa ɓangaren wuta, tsakanin ƙafar batir mai alamar ƙari da wayar da ke shiga kwamfuta. Abin da ya wuce rabin volt hasara ce da ke buƙatar a bi ta a gano.

Wurin da mas ke ɗaure yawanci yana ƙasan ginshiƙin ƙofa, bayan robar da ke gefen ƙafar direba: wayoyi da dama a kan noti ɗaya mai lamba 10. In ka kwance ka tarar da jan tsatsa ko farin gari a ƙarƙashinsa, ka goge har ƙarfe ya yi haske, ka ɗaure tam, ka sake awo. Motoci da yawa a nan ciwonsu ke ƙarewa.

Gargaɗi guda: fitilar gwaji mai ƙwai, wadda kowane yaron garaji ke yawo da ita a aljihu, tana da amfani a kan wayar wuta mai kauri, amma kada ta taɓa siraran wayoyin saƙo. Wutar da take ja ta isa ta ƙona ƙafar kwamfuta.

Abin da valiz, wato na'urar bincike, za ta gaya maka

Ƙaramar na'urar nan mai araha da ke karanta lambobin inji kawai ba za ta shiga kwamfutar jiki ba. Kana buƙatar wadda ke zagaye duk kwamfutocin motar, irin Launch ko Autel, ko ta kamfanin kanta: Diagbox ga Peugeot da Citroën, CLIP ga Renault, Techstream ga Toyota, ODIS ga Volkswagen. Ka karanta komai, ka ɗauki hoton lambobin kafin ka goge. Masu farawa da B na jikin mota ne, masu farawa da U na sadarwa ne tsakanin kwamfutoci. U0140 na nufin wata kwamfuta ta daina jin kwamfutar jiki. Ka lura da kyau: lambar ba ta ce kwamfutar ta mutu ba, cewa ta yi ba a jin ta. Wadda aka yanke wa wuta ma ba a jin ta. In kuwa kusan kowace kwamfuta ta tara lambobin U da na ƙarancin wuta, tarihin wani mataccen batir ne kake karantawa. Ka goge, ka yi amfani da motar, ka ga waɗanda za su dawo.

In valiz ta kasa shiga kwamfutar sam, alhali ka tabbatar da wuta da mas, sai a duba hanyar sadarwa. A fish ɗin bincike mai ƙafa 16, ta 16 wutar batir ce, ta 4 da ta 5 mas, ta 6 da ta 14 su ne wayoyin CAN guda biyu, waɗanda kwamfutoci ke sadarwa ta cikinsu. Ka cire batir, ka auna tsakanin 6 da 14. Lafiyayyar hanya tana ba da kusan ohm 60, saboda akwai abin tsayayya mai ohm 120 a kowane ƙarshe. In ka ga 120, gefe ɗaya ya yanke. In ka ga kusa da sifili, wayoyin sun haɗe. Da batir a haɗe da kontak a buɗe, mita za ta nuna ɗaya ta ɗan haura volt 2.5, ɗayar ta ɗan gaza. Sai dai wannan lissafi na hanya mai sauri ne. Hanyar cikin jiki ta Peugeot mai tafiyar hawainiya ce, ba ta bin ƙa'idar 60, tsofaffin 206 da 307 na farko kuma wani tsari ne da su daban mai suna VAN. Kada ka yanke hukunci a kansu da wannan awon.

Saƙon shiga da wutar fita

Wannan shi ne zuciyar binciken, kuma shi aka fi tsallakewa. In valiz ta shiga kwamfutar, ka buɗe shafin da ke nuna abin da take gani a lokacin. Ka ɗaga sandar sigina: rubutun ya sauya? Ka buɗe kowace ƙofa, ka taka birki, ka murɗa makunnin fitila, ka danna ham. In ka motsa makunni amma kwamfutar ba ta gani ba, matsalar tana makunnin ko wayarsa. A 206 da 307, akwatin sandunan da ke bayan sitiyari, wanda ake kira COM2000, ya shahara da lalacewa, kuma alamunsa, wato sigina mai kama kanta da fitila mai ƙin mutuwa, daidai suke da waɗanda ake jingina wa BSI.

Daga nan sai gwajin umarni. Ka ba da umarni daga valiz a kunna fitila, a kulle ƙofa, a juya goge-gilashi. In abin ya yi aiki ta valiz amma bai yi ta makunni ba, ɓangaren fita lafiya yake. In bai yi ba, ka auna a bakin ƙafar kwamfutar lokacin da umarnin ke tafiya. Wuta ta fito amma ba ta isa ba: waya ce. Wurin da aka fi samun karyewar shi ne robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofa da jikin mota. Ka janye ta baya ka duba wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Zafi yakan busar da rigarsu ta tsattsage kamar busasshiyar fata, wani lokaci kuma rigar tana nan lafiya amma tagullar ciki ta rabu. In ka ja a hankali za ka ji ta miƙe kamar roba. Haka ma robar murfin but.

In wuta ba ta fito ba, saura tambaya ɗaya kafin hukunci. Kwamfutocin zamani suna kashe ƙafa da kansu in sun ji wayar ta taɓa jiki, don su kare taransistonsu. Ka zare wayar fitar daga fish, ka auna ta da jikin mota ka ga ko ta haɗe, ka goge lambar, ka sake ba da umarni. In wayar tana da tsabta, saƙo yana shiga, wuta da mas sun cika, amma ƙafar ta ƙi fitar da komai, ko kuma tana fitar da wuta dindindin ba a umarce ta ba, to yanzu kana da hujja. Kwamfutar ce.

Motar da ke shanye batir cikin dare

Bayan an kashe mota, kwamfutoci sukan ɗauki mintuna kafin su yi barci. In ta jiki ta ƙi barci, takan hana sauran. Don aunawa, ka buɗe ƙofofi da murfin inji, ka tura harshen makullin kowace ƙofa da sukudireba har ya danna, don motar ta ɗauka a rufe take. Ka sa mita a ramin 10A tsakanin ƙafar ragi ta batir da wayarta. Kada ka buɗe kontak mitar tana haɗe, balle ka tada inji. Ka jira minti 30 zuwa 45. Abin da ya rage bai kamata ya wuce mA 50 ba. Mota mai jan mA 500 tana cinye Ah 12 a kwana ɗaya. Batir mai Ah 60 zai rasa fiye da rabin cajinsa cikin kwana uku.

Zare fizibil ɗaya bayan ɗaya yana tada kwamfutoci daga barci ya ɓata awon. Gara ka sa wata mitar a milivolt ka taɓa ƙarafan bayan kowane fizibil. Wanda wuta ke ratsawa zai nuna wani abu, sauran sifili. Ko da ka gano fizibil ɗin kwamfutar jiki ne, ka bincika abin da ke tada ta: makunnin ƙofa da ke cewa a buɗe take, rediyon da aka ƙara, ko na'urar bin sawu da aka ɗaura a kan wayar sadarwa.

Ka fito da ita ka duba

Ƙa'idar cirewa ɗaya ce ko don dubawa ko don sauyawa. Ka sauke gilashin direba. Ka kashe komai, ka zare makulli, ka rufe ƙofofi. A Peugeot da Citroën ka jira aƙalla minti 3 ba ka taɓa komai ba, BSI ta gama adana bayananta. Cire batir tana tsakiyar wannan aiki yana iya rikita ƙwaƙwalwarta. Sai ka cire ƙafar ragi. Ka ƙara jira kafin ka sa hannu ƙarƙashin tablo, saboda jakar iska: Toyota na cewa daƙiƙa 90, ka ba shi minti 5 ka huta. Fish masu launin rawaya na jakar iska ne, ba ruwanka da su. Ka ɗauki hoton yadda kowane fish yake zaune. Yawancinsu suna da hannun kulle da ake juyawa kafin su fito, kuma robar da ta sha zafin shekaru tana karyewa da ƙaramin ƙarfi.

Ka kai ta haske. Ƙafafun da ruwa ya taɓa sukan yi kore-kore kamar tsohuwar tagulla, da farin gari a gindinsu, wani lokaci ƙafa ɗaya ta cinye ta rage kamar allura. Ka shinshina, ƙonannen allo ba ya ɓoye warinsa. In kore ne kaɗan a ƙafafu, a wanke da ruwan wanke kontak ko barasar isofurofil da buroshi mai laushi, a bar ta ta bushe a inuwa. Ban da fetur. In rele ne na kan allo ya manne, ko dalma ta tsage saboda zafi da girgizar hanyar jar ƙasa, mai gyaran allo da ya iya hannunsa zai sauya relen ko ya sabunta dalmar, kuma wannan ya fi sauya kwamfuta sauƙi nesa ba kusa ba, tunda bayanan motar suna nan a cikinta.

In ruwa ne, ka nemo ta inda ya shigo. Ƙurar hunturu da ganyen bedi sukan toshe magudanan da ke ƙasan gilashin gaba, ruwan farko na damina ya taru ya malalo ciki. Akwai bututun zubar da ruwan kilim, da magudanan rufin da ke buɗewa, da gilashin gaba da ba a manne shi da kyau ba. Ka sa wani ya zuba ruwa daga waje kai kana kwance ciki da tocila.

Sayen wata

Lambar da ke jikin takardar kwamfutar ita ce abin bi, ba kamannin akwatin ba. A BSI yawanci lamba ce mai farawa da 96, ga kuma sunan wanda ya ƙera, ko Valeo, ko Siemens, ko Johnson Controls, kuma ba a musanya su da ka. A Toyota kwamfutar takan fara da 89221, akwatin fizibil ɗin da take manne da shi 82730. Ka tafi da tsohuwar a hannu, da lambar shasi mai harafi da lamba 17 da ke kan kart giriz. Wani abin lura ga mai sayo kaya daga Kano: motar da aka yi don Amurka da wadda aka yi don Turai suna iya zama suna ɗaya, shekara ɗaya, amma tsarin fitilunsu daban, rimot ɗinsu ma daban, na Amurka yawanci a kan MHz 315, na Turai 433. Ka yi sharaɗi da mai kaya cewa in ba ta yi ba za ka mayar.

Ta hannu tana zuwa da bayanan motar da aka ciro ta. A yawancin Toyota masu makullin hannu wannan ba babbar matsala ba ce, domin tantance makulli yana wata kwamfutar daban. Sau da yawa rimot kawai za a sake yi wa rajista. A Peugeot, Citroën, Renault da Nissan kuwa, sirrin makulli yana cikinta, in ka ɗaura ta haka kawai inji zai juya ya ƙi kamawa, ko ma ya ƙi juyawa. Hanya uku ce. A kwafe ƙwaƙwalwar tsohuwar a zuba cikin ta hannun, in tsohuwar tana karantuwa. Wannan ya fi tsabta, makullai da saituna duk suna nan yadda suke. Ko a wanke ta hannun ta koma kamar sabuwa, a shigar da lambar shasi da lambar sirri, wadda a Peugeot harafi da lamba 4 ce da ke zuwa a wani kati tare da motar. Ko a sayo saiti guda daga mota ɗaya: kwamfutar inji, ta jiki, da ƙwayar makulli. Wannan na ƙarshe yana tada mota, amma za ta riƙa ɗauke da lambar shasin wata. A Peugeot kuma akwai tarko: BSI da agogon tablo duka suna riƙe da kilomita, kuma mafi yawa ne ke rinjaye. In ka ɗaura BSI mai kilomita fiye da na motar, ko don gwaji ne, agogon zai ɗauka kuma ba zai sauko da kansa ba.

Ɗaurawa da saiti

In tsohuwar tana magana da valiz, ka kwafe saitunanta tun kafin ka cire: irin injin, akwai kilim ko babu, fitilun hazo, yawan gilasan lantarki. Ka gwada fizibil na sabuwar da na tsohuwar gurbi da gurbi. Ka tabbata abin da ya kashe ta farko an gyara shi, ko waya ce mai taɓa jiki, ko ruwa, ko caji mai yawa. Ka mayar da fish har kowane ya danna, ka ɗaure ta a mazauninta don kada ta riƙa rawa, sannan ka haɗa batir ƙofofi a rufe, ka jira minti guda kafin ka buɗe kontak.

Lokacin shigar da bayanai wuta ba ta son wasa. Ka haɗa caja mai riƙe wuta daidai wajen volt 13 zuwa 13.5, ko wani cikakken batir a gefe, kwamfutar hannunka ma ta kasance a cike, saboda in wutar gari ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, kwamfutar motar na iya mutuwa a hannunka. Duk makullan motar su kasance a wurin. A motoci da yawa wanda ba a yi wa rajista a zaman ba ya daina tada inji. Kada ka yi ta gwada lambar sirri da ka, kuskure kaɗan ke sa ta kulle kanta na wani lokaci.

Bayan an gama, ka goge lambobin duk kwamfutoci ka sake karantawa. Ka koya wa gilasai iyakarsu: a sauke har ƙasa, a ɗaga har sama, a ci gaba da riƙe makunnin na ƴan daƙiƙu. Ka ɗauko takardar da ka rubuta tun farko ka bi ta abu bayan abu, har fitilar ribas da ta lamba da feshin ruwan gilashi. Ka fita da motar kan hanya mai gargada, fitilu da kilim a kunne, domin fish da bai zauna ba sai a girgiza yake tona kansa. In kun dawo, ka sake awon barci: minti 45, ƙasa da mA 50. Motar ta kwana a garaji, da safe ka auna batir kafin ka kira mai ita.